Auren Dole da Shinkafar Ɓera: Darasin Unguwar Yansoro

A watan Afrilun 2014 'yan sanda suka kama wata amarya 'yar shekara 14 a ƙauyen Unguwar Yansoro, cikin ƙaramar hukumar Gaya ta jihar Kano, bisa zargin ta barbaɗa shinkafar ɓera a abinci. Angon, mai shekara 35, ya rasu tare da mutum uku da suka ci abincin. 'Yan sanda sun ce ta amsa laifin, ta ce wanda ba ta so aka aura mata. An gurfanar da ita a Babbar Kotu da ke Gezawa, masu gabatar da ƙara suka nemi hukuncin kisa, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ta tsaya mata, har a 2015 gwamnatin Kano ta janye ƙarar. Irin labarin da masu shirya wasan kwaikwayo na talabijin ke rububi ne, sai dai duk wanda ya faro shi daga kwanon abinci ya bar jaki yana dukan taiki, domin tushensa yana can ranar ɗaurin aure.

Auren da ba a nemi yardar yarinya ba tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma masu yin sa kan kafa hujja da ikon ijbari da mazhabar Malikiyya ta ba uba a kan 'yarsa budurwa. Amma al'adar da ta ɗaure yarinya ta bar mata ƙofofin fita: yaji, guduwa wajen kaka ko gwaggo, sai kuma zauren alƙali inda ake raba aure da hul'i. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta buga tarihin rayuwarta a 1954, an yi mata auren zumunta ba da son ranta ba, daga baya ta fita. Balaraba Ramat Yakubu ma a kan wannan ciwon ta gina Wa Zai Auri Jahila? Masifa takan auku ne idan aka toshe ƙofofin nan, yarinya ta yi yaji a mayar da ita da bulala, alhali guba na nan a kasuwannin ƙauye daga Gaya har Ajingi, a ƙulle cikin leda, ko yaro aka aika za a sayar masa.

Wani zai ce wannan wanke mai laifi ne, rai huɗu ba wasa ba, kuma dangin ɓangarorin biyu sun musanta cewa an yi mata dole. Gaskiya ne babu ƙiyayyar da ta halatta kisa, kuma sauran ukun ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Amma gano sanadi daban, yafe laifi daban. Batun yarda kuwa, shirun da shari'a ta ɗauka izinin budurwa shirun kunya ne, ba na tsoro ba, kuma 'yar shekara 14 da manya suka kewaye da wuya ta iya buɗe baki ta ce a'a.

Kano ba ta samu dokar kare haƙƙin yara ba sai 2023, shekara ashirin bayan ta tarayya. Doka kuwa ba ta shiga ɗakin amarya, amma talabijin na shiga. Idan 'yan Kannywood za su taɓa wannan labari, su nuna waliyyi da mai sayar da guba kamar yadda za su nuna amarya, su kuma sakaya sunayen waɗanda abin ya shafa, domin iyalansu na nan da rai.