Daga Ƙofar Ubangida Zuwa Tabarmar Ƙungiya

A da, mai kiɗan tsirkiya ba ya neman ƙungiya, domin kowane kiɗa da masu shi. Garaya ta mafarauta ce da 'yan bori, yaro kuma wajen ubansa yake gadonta. Da iyayen gida suka ragu, sai gadon ya fara yankewa.

A Nijar, zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ta riƙa tara makaɗa a unguwanni. A 1989 aka buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Taya a Yamai. A 2002 Malam Maman Barka, makaɗin gurmi, ya tafi tafkin Cadi koyon biram mai tsirkiya biyar wajen Bukar Tar, gwani na ƙarshe cikin Buduma. Da ya makara, da kiɗan ya bi tsohon kabari.

Shi ya sa kowace Asabar, in na tashi daga rediyo, nake shimfiɗa wa masu gurmi, goge da molo tabarmi a Damagaram. Dokarmu biyu ce: babu lasifika, kuma duk dattijon da ya kaɗa, sai ya miƙa wa yaro ya gwada.