Ruwa da Iri: Tarihin Lambu a Ƙasar Hausa

A yawancin ƙasar Hausa damina wata huɗu ce, in ta yi tsawo biyar. Sauran watannin shekara ƙasa a bushe take. Duk da haka, a tsakiyar rani, tsakanin Janairu da Maris, tumatir da albasa da tattasai suke cika kasuwa har su yi arha. Wannan aikin 'yan lambu ne, masu ƙananan filaye a bakin rafi da cikin fadama. Tarihin sana'arsu ya rataya ne a kan abu biyu, ruwa da iri, da kuma tambayar a hannun wa kowannensu yake.

Sunayen kayan lambu kansu suna ba da labarin asalinsu. Kuɓewa da yakuwa da rama 'yan gida ne, tun fil azal ake noma su a Afirka. Albasa da alkama kalmomin Larabci ne, alamar sun biyo ayarin fatake ta Sahara. Tumatir da barkono daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan da jiragen ruwan Turawa suka haɗa nahiyoyin biyu. Kabeji da karas da latas kuwa har yanzu suna ɗauke da sunayensu na Turanci. Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano da Sakkwato a 1824, da Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, duk sun ambaci albasa da alkama cikin abin da suka tarar ana nomawa. Ke nan lambu ya riga mulkin mallaka, kuma tun can ɗan lambu ba ya ƙyamar baƙon iri. Yana karɓa, ya gwada, ya zaɓi wanda ya amshi ƙasarsa, ya ajiye.

Kayan aikin wancan zamani shi ne jigo: doguwar sanda a kan gwafa, guga a wannan baki, dunƙulen laka ko dutse a wancan. Irin wannan dabara tana cikin zanen kaburburan tsohuwar Masar fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Mai lambu yakan raba fili zuwa ƙananan fangula, ya zuba takin gida, ya yafa iri a wuri guda ya rene shi, bayan 'yan makonni ya yi dashe. Ruwan da jigo ya ɗebo yana bin kwalbati daga fangali zuwa fangali. Jigo ba ya cin kuɗi, ƙarfin mutum yake ci, shi ya sa girman lambu ba ya wuce abin da damtsen mai shi da na 'ya'yansa za su iya shayarwa a yini. Amma rijiyar tasa ce, irin ma nasa ne.

Farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970 ya zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur ya fara kwarara a Nijeriya. Gwamnati ta ga maganin yunwa a manyan madatsun ruwa. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce ke shayar da filayen Kadawa da Kura. A 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, a 1978 kuma aka gama madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara.

Kadawa ta zama cibiyar tumatir, wannan babu musu. Sai dai tsarin ya ɗauke hukunci daga hannun manomi ya kai shi ofis: ranar sakin ruwa, abin da za a shuka, wanda za a ba fili. Waɗanda ke ƙasa da madatsun kuma, kamar mutanen dausayin Haɗeja da Nguru, sun ga ambaliyar da ke jiƙa fadamunsu kowace shekara ta ragu. A Bakolori, manoman da aka karɓe wa gonaki ba tare da diyyar da ta gamsar da su ba sun tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da dama. A Borno, aikin ban ruwa na kudancin Tafkin Chadi, wanda aka tsara wa fiye da hekta 60,000, ya tsaya cik da tafkin ya ja da baya ya bar magudanan a bushe.

Sauyin da ya fi taɓa rayuwar ƙaramin manomi bai zo da hayaniya ba. A farkon shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona na jihohi irin su Kano da Bauchi da Sakkwato suka fara yaɗa ƙaramin injin ban ruwa mai amfani da fetur, tare da 'yar rijiyar bututu da ake haƙawa a fadama cikin yini guda, domin ruwan yana kusa. Mutum ɗaya zai iya ɗora injin a kan keke ko babur, ya shayar da ninkin abin da jigo ke shayarwa. A kan wannan tushe aka gina shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990. A Nijar ma, bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da noman rani manufar ƙasa, aka tona rijiyoyi, lambuna suka yawaita a ƙauyuka. Abin da ya bambanta injin da madatsa shi ne ya bar hukunci inda jigo ya bar shi, wato a hannun mai gona.

Wannan nasara ba ta zo kyauta ba. Fadamar da aka kewaye da lambuna ita ce makiyaya ke sauka a cikinta da rani, kuma toshe hanyar zuwa mashaya yana cikin tushen rikicin da ake fama da shi. Injin kuma ya ɗaure manomi da farashin mai, kamar yadda aka gani bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, abin da ya sa masu hali suka fara komawa injin hasken rana.

Batun iri ya bi wata hanya dabam. Albasa sai ta yi shekara biyu kafin ta ba da iri. A shekarar farko manomi yana zaɓar kawunan da suka fi kyau da jure ajiya, a ta biyu ya sake binne su, su yi fure, ya karɓi baƙin irin. Da irin wannan zaɓe, kaka bayan kaka, manoman yankin Tawa a Nijar suka samar da albasar Galmi mai launin shunayya, wadda ake lodinta zuwa Ghana da Kwaddibuwa da Benin. A ƙarshen shekarun 2000 wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi a yi masa rajistar haƙƙin mallakar wannan iri a hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka da ke Yawunde. Nijar ta ƙalubalanci buƙatar, sunan Galmi ya tsira. Darasin shi ne aikin da manoma suka yi ba tare da takarda ba, wani zai iya zuwa da takarda ya yi da'awarsa.

A ɓangaren tumatir da kabeji da karas, irin gwangwani da na leda da ake shigowa da shi daga waje ya samu gindin zama. Irin aure, wanda kamfani ke haɗawa daga iyaye biyu, yana ba da yabanya mai yawa, amma in aka ajiye 'ya'yansa aka shuka ba sa fitowa kamar uwarsu, dole a koma shago kowace shekara. Idan iri da mai da taki da maganin ƙwari duk saye ne, asarar shekara guda takan zama bashi. Haka ta faru ga manoma da yawa a 2016, lokacin da tsutsar da suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin.

Ba wanda zai ce a koma jigo ko a rufe ƙofa ga sabon iri, domin da baƙon iri lambun Hausa ya ginu. Abin da tarihin ya nuna shi ne dabarar da ta ƙara wa manomi iko a kan ruwansa ta bazu da kanta, wadda ta rage masa iko kuwa sai da aka yi ta da kuɗi mai yawa, wani lokaci da jini. Da wannan ma'auni ya kamata masu tsara manufofi da masu zuba jari su auna shirye-shiryen iri na yau. Cibiyoyin bincike irin na Samaru suna iya inganta nau'o'in da manomi zai iya ajiye irinsu, ƙungiyoyin manoma kuma su yi wa nau'o'in yankinsu rajista da sunansu kafin wani ya riga su.