Daga Maƙerar Gaya zuwa Baƙin Allo

Ma'abota tarihi sun ruwaito, ruwayar kuwa ta daɗe a bakin dattawa, cewa waɗanda suka fara sauka gindin Dala maƙera ne da suka taso daga Gaya suna bin sawun tama, shugabansu ana ce da shi Kano, zuriyarsu kuma Abagayawa. Abin da ya sa na buɗe da wannan, akwai wata sana'a da ta shigo mana a zamanin nan, wadda duk sa'ad da na zauna kusa da mai yin ta sai maƙera ta faɗo mini a rai, wato tayar da sabar, kwamfutar nan mai riƙe da shafuka da wasu ke kira uwar garke, da sarrafa ta da rubutaccen umarni a kan baƙin allo.

Allon nan ya girmi shafukan da yake yi wa hidima. A shekarar 1969, lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin Unix a ma'aikatar Bell ta Amurka, da na'urar tangaraho mai buga rubutu ake zance da kwamfuta: mutum ya buga layi guda, ita kuma ta mayar masa da jawabi a takarda, kuma saboda na'urar tana da nawa, sai aka taƙaita lafazin umarni har wani bai wuce harafi biyu ba. Takardar ta tafi, amma uslubin ya zauna.

Sabar farko ta shafukan intanet kuwa Tim Berners-Lee, mutumin Ingila, shi ya tayar da ita a 1990 a cibiyar CERN kusa da Janiba, a kan kwamfuta ƙirar NeXT, ya kuma liƙa mata takarda da jan tawada yana gargaɗin kada wani ya kuskura ya kashe ta. Wanda ya san halin lantarki a Ajingi ba ya bukatar a yi masa tafsirin wannan gargaɗi. Ranar 30 ga Afrilu 1993 cibiyar ta mayar da manhajar wakafi ga jama'a. A wannan shekarar kuma Rob McCool ya rubuta wata a Jami'ar Illinois, da ya bar aikin sai waɗansu masu amfani da ita suka riƙa yi mata gyara suna aika wa juna, kamar yadda almajirai kan cika gefen littafi da hashiya har ta zama talifi mai zaman kansa, daga nan Apache ta fito a 1995.

A nan ne hikimar take. Sabar ba ta da fuska: idan aka tayar da ita sai ta koma bayan fage ta zauna tana sauraro a ƙofa ta 80, kuma Turawa da kansu sunan aljani suka ba irin wannan manhaja, ni kuwa na fi son in ce hadimi, gudun kada malaman tsibbu su ce an shigar musu gona. Ita uwar ba ta karɓar baƙi da kanta, sai ta haifi 'ya'ya su yi. Idan mai kula ya so ta sake karanta dokokinta, yakan aika mata alamar da ake kira HUP, wadda asalinta sanarwa ce cewa layin tarho ya katse, aka yi aronta ga wannan ma'ana. Nan take za ta kori 'ya'yan ta haifi sabbi, ko da akwai baƙo a tsakiyar bukatarsa. Mai ladabi kuwa apachectl graceful yake rubutawa, kowane ɗa ya sallami baƙonsa tukuna sannan ya ja da baya. Amma alama ta 9, wadda ba ta bai wa manhaja damar ko yin wasiyya, a ganina daidai take da kwara ruwa a kan garwashi alhali ƙarfe yana ciki, kuma na ga samari da yawa ita suke fara koya.

Wayar salula ta GSM ta iso Nijeriya a 2001, a shekarar ce kuma jami'ar kimiyya ta Wudil, maƙwabciyar Gaya, ta fara aiki. Amma sai a 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kowane zaure yana ɗebo tambayoyi daga sabar da ke cikinsa, sannan iyaye a karkara suka ji sunan abin.

Na taɓa zama a wani shago a Gaya inda ake koya wa ɗalibai irin wannan jarrabawa. Aka ɗauke wuta, aka ta da janareto, allunan ɗalibai suka dawo amma babu tambayoyi. Mai shagon, dattijo da bai san harafi ɗaya na abin ba, ya ce da yaron da ke kula: «Kai yaro, hura mana.» Yaron ya rubuta layi, allo ya amsa cewa ƙofa ta 80 akwai mai ita, domin wata manhaja ta riga tashi ta tare wurin. Ya nemo lambarta, ya sallame ta, ya duba dokoki ko da kuskure, ya sake buga umarnin. Allon bai ce uffan ba.

«Ranka ya daɗe, ta tashi,» in ji shi.

Dattijon ya leƙa, ya ce shi bai ga komai ba.