Tsargiya: Tsutsar da ke Ɓoye Cikin Tabki

Tsargiya cuta ce da wata ƙaramar tsutsa ke haddasawa. Masana sun sanya ta cikin dangin tsutsotsi masu faɗi, tare da tsila da tsutsar hanta ta shanu da tumaki. Kwaɗi ma suna da nasu irin, amma ba kwaɗo ne ke kawo tsargiya ba, katantanwar ruwa ce. Wani likita mai suna Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Masar a shekarar 1851.

Ga yadda take zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari cikin tabki, ƙwai su ƙyanƙyashe, ƴaƴan su shiga katantanwa. Bayan kamar wata guda sai su fito da yawa, su huda fatar mai wanka ko wanki. Su girma, su zauna cikin jijiyoyin jini na mafitsara, su yi ƙwai, jini ya bayyana a fitsari.

Idan kana zaune a Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, ka kula da tabkunan Dallol Mauri bayan damina. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, cuta ce mai lalata mafitsara da ƙoda. Ka kai yaro likita, akwai magani mai suna praziquantel. Kada ka yi fitsari cikin tabki. Ruwan wanka kuwa, ka ajiye shi kwana 2 kafin amfani, tsutsar za ta mutu.