Tarko Huɗu, Mai Masauki da Baƙonsa

Yawancinmu masu rubuta manhaja a nan Totsi, a Lome, a kan kwamfutocin gwanjo da ke sauka ta tashar jiragen ruwa muka koyi aiki. Na'ura ɗaya gare ka, ga shi kana bukatar Windows da Linux a lokaci guda, dole ka girka wata kwamfutar a cikin kwamfutar. A nan ne dibaga, manhajar farautar kurakurai, ke yi mana tsiya. Ka ɗana tarko a wani adireshi domin aiki ya tsaya da zarar an taɓa shi, sai ya wuce abinsa, ko dibagar ta faɗi warwas.

Asalin maganar tun 1985 ne, da Intel ta fitar da firosesa 80386 ɗauke da rijistocin bincike. DR0 zuwa DR3 suna riƙe adireshi huɗu, DR7 ke kunna tarkon, DR6 kuma ya faɗi wanda ya kama. Har yau huɗun ne, ba a ƙara ba.

Da VMware ta zo da Workstation a 1999, sai rijistocin suka zama na mutum biyu, mai masauki (ainihin kwamfutar) da baƙo (wadda aka girka a cikinta), kamar ɗakin fatoma a zango da kowa ke ajiye kayansa. Fasahar VT-x ta 2005 ba ta raba gardamar ba: firosesar tana adana DR7 da kanta, sauran kuwa mai masauki ne zai kwashe ya mayar. Saboda gudun jinkiri akan bar musayar sai ta zama dole, kuma nan ɓarnar take. A manta da DR6 sau ɗaya, dibaga ta ji an kama amma ba ta san tarkon wa ba.

Lamarin ya wuce ɓata lokaci. A Nuwamban 2015 aka gano baƙo zai iya sandarar da mai masauki a Xen da KVM ta hanyar tayar da tarkon ba ƙaƙƙautawa. A Mayun 2018 Nick Peterson da Nemanja Mulasmajic suka nuna yadda Windows, Linux, macOS da FreeBSD duk suka yi wa bayanin Intel kan yadda umarnin MOV SS ke shafar tarkon gurguwar fahimta.

Ɗan'uwa, kafin ka zargi dibagarka, sabunta mai masaukin, sannan ka gwada aikin a kan na'urar kai tsaye. In ta ƙi, koma wa tarkon manhaja na INT3, wanda bai dogara da waɗannan adireshi huɗu ba.