Daga Lamba Zuwa Allurar Korona a Rawayau

A dantsen kakata a Rawayau akwai tabon lamba, shaidar rigakafin agana, cutar da aka tabbatar da kawar da ita a 1980. Tsararrakinta sun miƙa hannu domin sun ga makanta da zanzanar da agana ke bari. Gwajin maganin Trovan a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya raunana wannan yarda, har jihar ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki jama'a suka dawo. Da allurar korona ta iso a 2021, na ji 'yan gudun hijirar Batsari da Safana a Dutsin-Ma suna tambayar wanda ya aiko da ita. Don haka ma'aikatan lafiya, ku riƙa bi ta hannun mai unguwa da liman.