Daga Shendam Zuwa Katsina: Abin da Tsarin Dayosis na Katolika Ke Koya Mana

A tsarin ɗarikar Katolika, dayosis yanki ne da bishop guda yake kiwonsa. Ana raba shi zuwa farish-farish, kowace da fadanta, kowace farish kuma tana da ƙananan majami'u a ƙauyuka inda katikis yake koyarwa da jagorantar sujada. In muka bi tarihin wannan tsari a ƙasar Hausa, za mu ga abu ɗaya yana maimaituwa: duk lokacin da yanki ya fi ƙarfin makiyayi guda, sai a raba shi.

Masu mishan na ƙungiyar SMA sun sauka a Shendam a 1907. A 1934 aka raba aikin Arewa gida biyu, Jos da Kaduna. A 1953 aka yanke yankin Sakkwato daga Kaduna, aka damƙa shi ga 'yan Dominikan daga Amurka, ya zama cikakkiyar dayosis a 1964. Ƙasar Katsina tana cikinta. Bishop Michael Dempsey ya riƙe ta daga 1967 zuwa 1984, sai Kevin Aje, sai Matthew Hassan Kukah daga 2011.

Amma kujerar bishop tana Sakkwato, alhali Hausawa masu bi da yawa, waɗanda suka fito daga gidajen Maguzawa, suna kudancin Katsina, wajen Malumfashi da Funtuwa. Tsakaninsu da bishop akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita, ta hanyar da ta ratsa ƙasar Faskari zuwa Gusau. Wanda ya cike wannan giɓi shi ne katikis, mutumin gari mai wa'azi da harshen gari. Shi ya sa aka kafa makarantar horar da su a Malumfashi.

Daga baya 'yan bindiga suka mayar da nisan nan haɗari. A Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Mayu 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. A Faskari da Sabuwa, Musulmi da Kirista sun bar gonaki da ƙauyuka saboda hare-hare. Cikin wannan hali ne Paparoma Francis ya kafa dayosis ta Katsina a ranar 16 ga Oktoba 2023, a ƙarƙashin lardin Kaduna, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko. Yanzu shugaban da zai yanke shawara kan majami'ar da ta watse yana cikin jihar, yana kuma jin harshen mutanenta.

Muna da bambancin koyarwa da Katolika, amma wannan darasi ya shafe mu. Bulus ya bar Titus a Karita domin ya naɗa dattawa a kowane gari. Tsari bawan bishara ne. Ba a auna shi da yawan ofisoshi, sai da saurin isarsa ga gwauruwar da ta gudo daga ƙauyen Sabuwa.

Don haka mu tambayi kanmu: kwana nawa kukan ƙaramar majami'a yake yi kafin ya kai ga shugabannin gundumarmu? Wa muke horarwa domin ya riƙe jama'a ranar da fasto ba zai iya shiga ƙauye ba? In masu bi sun yi hijira zuwa Funtuwa, wace ikilisiya ce ke da alhakin kiwonsu?